Watandar Motar Kalla

Duk wanda ya ci kasuwar Dakoro a zamanin da Nasara ke bariki ya san Kalla Mai Mota. A gindin wata aduwa yake zama, gabansa tulin fitilu masu tsiyaya, da kwaɗuna waɗanda makullansu suka ɓata, da keken gardin bariki ɗaya ko biyu. Gyaransu ne sana'arsa. Abin hawansa kuwa jaki ne, shi ma mai ɗingishi. Baƙo idan ya ji ana kiran Mai Mota sai ya waiga yana neman motar, 'yan gari su yi ta ƙumshe dariya. Amma fa sunan ba na banza ba ne. Kalla ya taɓa mallakar mota, kuma ba irin kamiyon nan mai nishi da ke kawo gishiri ba.

Yana saurayi ya tafi Maraɗi cin rani, ya faɗa hannun wani Nasara mai sayen gyaɗa da fatu, wanda ake kira Mai Lofe. Daga wankin mota ya kai ga murɗa ta ta tashi, daga nan ya zama shofer, wato direba. Motar ja ce jawur, ba rufi, kujera biyu rak, ga dogon hanci, ga gudun tsiya. Kalla ya sa mata suna Barkono. Da yaƙi ya tashi a ƙasar Nasara aka kira Mai Lofe gida, ba jirgin da zai ɗauki mota, sai ya danƙa wa Kalla makulli ya ce ya riƙe, tasa ce. Ranar Kalla ya zagaya Maraɗi sau bakwai yana matsa ƙaho, har kaji suka daina kaucewa.

A yawon sayen fatu ne ya ga Azara a Kornaka. Da maganar aure ta kankama, ya tsaya gaban ƙawayenta ya daki ƙirji ya ce ranar da za a kai ta, a cikin Barkono za ta shiga Dakoro. Bai rufe baki ba esans, man mota, ya ɓace a ƙasar, ko na tsoma yatsa babu. Damina kuma ta yi gardama, rumbun tsohuwarsa ya koma fayau, ga ƙanne biyar suna kallonsa. Kalla ya rufe ido ya ba wani falke na Kornaka mai suna Hamani motar, ya karɓi gero da takarkari ɗaya. A bayan wannan takarkarin Azara ta shiga Dakoro.

Shekara goma sha bakwai ke nan, 'ya'ya shida, Azara ba ta bar shi ya manta ba. In za ta je itace sai ta leƙo ta ce, “Mai Mota, a hiddo Barkono, na shirya.” Kalla ya yi dariya, amma abin yana cin ransa ƙwarai, don shi mutum ne mai jin nauyin alkawari. Abin da ke sanyaya masa zuciya ɗaya ne: Hamani ya ce masa ya sayar da motar ga wani attajiri a Agadas. Saboda haka kullum bayan la'asar Kalla kan ba matarsa labarin inda Barkono take yanzu, wane tudu ta hau, raƙuman wa ta firgita, kuma ya rantse wata rana zai je ya dawo da ita. Azara tana tankaɗe tana cewa to.

Wata ranar kasuwa yana cikin liƙe gindin fitila sai ya ji kuka daga layin 'yan koli, kamar na agwagwa mai mura. Dalma ta zubo masa a ƙafa bai ji ba. Ya miƙe da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, ya tsallake tallar daddawa, ya cafke hannun wani ɗan koli mai suna Mamani wanda ke matsa ƙahon tagulla don kiran masu saye. Robar ƙahon ta daɗe da mutuwa, an ɗinka masa jakar fatar akuya, amma ga lotsawar nan a baki, inda Kalla ya taɓa buga shi da reshen gawo.

“Ina ka samo wanga ƙaho?”

“Gado na ci. Babana shi ne Sarkin Fawan Kornaka, shi ya yi watandar.”

“Watandar mi?”

“Ta motar Hamani mana. Kai baƙo ne?”

Kalla ya zauna a kan buhun wani ba tare da sallama ba, Mamani kuma ya kwashe labari ya ba shi. Ashe motar ba ta taɓa ganin hanyar Agadas ba. Shekara biyu tana ƙofar gidan Hamani kaji na ƙwai a cikinta, sai mutanen gari suka ce wannan dukiya ba za ta ruɓe suna kallo ba, a yi mata yadda ake yi wa sa idan sallah ta matso: a haɗa hannu a saya, a yanka, a kasa, kowa ya ɗauki kasonsa. Aka kira Intalla maƙeri ya yi fiɗa da guduma da kurfi. Rabo kuwa ba wanda ya iya shi sai mahauci, don haka aka kira Sarkin Fawa. Shi kuma ya yi aikinsa tsakani da Allah, kowane kaso sai da ya sa masa tsoka da ƙashi da kayan ciki, wato ɗan gwangwani, ɗan ƙarfe, ɗan roba, da yankin fatar kujera. Kaso arba'in ya fitar, kuma ba ƙusa biyu da suka san juna da suka faɗa hannun mutum ɗaya. Ƙahon ya riƙe ladan aikinsa.

Shekara goma sha biyar Kalla yana zuwa Kornaka gaida surukai, ana shimfiɗa masa tabarma, ana dama masa fura, ana tambayarsa labarin Agadas. Gari guda ya ci motarsa ya goge baki.

Washegari ya ɗaura wa jaki akumari, ya ce wa Azara zai je ya dawo da Barkono. Ta dube shi, ta ƙara masa ƙuli-ƙuli a jaka.

Da fushi ya shiga Kornaka, amma fushin bai kai azahar ba. Da mutane suka ga asiri ya riga ya tonu, sai kowa ya shiga gida yana fito da nasa, ana ta shewa. Wata tsohuwa ta kawo ƙoƙon fitilar gaba, da shi take awon gishiri. Liman ya ja shi har cikin gida ya nuna masa ƙofar rumbu, ga murfin hancin Barkono nan da sauran jan fenti a gefe, ya ce ɓera bai taɓa huda shi ba. Fatar kujera ta zama layu, tana wuyan rabin garin. Kalla yana shafa kowane yanki yana faɗin sunansa da inda yake zaune a jikin mota, yana dariya, hawaye na zuba, har ya rungume ƙofar rumbun Liman. Hamani, wanda tsufa ya riga ya lanƙwasa, ya sauko da sitiyari daga rufin zaure inda ake rataye kilishi a jikinsa, ya miƙa masa.

“Ka yahe mini, Kalla. Na ga yadda kake sonta, bakina ya kasa.”

Kalla ya karɓa, ya murɗa hagu, ya murɗa dama, ya ce ya yafe.

Daga nan ya bi sawun ƙarfe zuwa Bader Gula, inda Intalla ya koma da maƙerarsa. Intalla ya ce tun da yake ƙira bai taɓa samun ƙarfe mai albarka irin na ƙarƙashin motar nan ba, hauya talatin ya fitar, har yau ba wadda ta karye. Ya fita da Kalla bayan gari ya nuna masa gonaki, ya ce duk geron nan Barkono ce ta nome shi. Kalla ya tsaya ya cire hula, sai ka ce an nuna masa jikokinsa.

A garin Rumbu ya sami ƙafar motar. Tun daga nesa ya ji ta, don ƙafar baya ta hagu tana da wani ɗan kuka da ya yi shekara uku yana nema ya kashe bai iya ba. An kafa ta a kan gwafa a bakin rijiya mai gaba arba'in, igiya na bin bayanta, takarkari na ja, guga na fitowa, ita kuwa tana juyi ba hutawa. Garin duka da dabbobinsu a nan suke sha. Mai gari ya ce in tasa ce ya ɗauka, amma fuskarsa ta nuna ba da son ransa ba. Kalla ya hau gwafar da kansa, ya ɗiga mata man gyaɗa, ya sauko ya ce a ci gaba da ja. Ya zauna har la'asar yana kallon motarsa tana gudu.

Kwana tara ya yi. Da ya doshi Dakoro sai murnar ta fara tsiyayewa, don abin da ya kawo sitiyari ne da ƙahon da ya saya wurin Mamani da hauya ɗaya da Intalla ya ba shi, alkawari kuwa na mota ne. Ya ari amalanken maƙwabci, ya kafa masa benci, ya ɗaure sitiyari da ƙaho, ya ɗaura jaki. Sannan ya shiga gida ya tsuguna gaban Azara, ya gaya mata komai, bai rage ba.

“Barkono ta mutu, Azara. Mutanen garinku sunka yi watandarta. Ba ni iya cika miki alkawari.”

Azara ta ajiye rariya, ta shiga ɗaki, ta sauke jeren ƙorenta har ta ƙasa. Ta fito da wani abu naɗe a tsumma ta sa masa a hannu. Madubi ne ɗan kewayayye mai wuyan ƙarfe, wanda Kalla kan duba baya da shi.

“Baba ma ya ɗauki kaso,” in ji ta. “Wanga ya aiko mini, shekarar da anka haihi 'yarmu Baraka.”

“Kin sani tun tuni? Kika bar ni ina ta zuba miki Agadas?”

“In na hwaɗa maka, wa zai riƙa kai ni Agadas bayan la'asar? Kuma ni ban ga alkawarin da ya karye ba. Kullum sahe sai na shiga motarka na sa tozali.”

Kalla ya daɗe yana juya madubin. Sannan ya tashi ya ɗaure shi a gaban amalanke da zaren ɗinkin takalmi. Azara ta ɗauro zanen fitarta, ta hau benci ta gyara zama, ta ce a bi ta kasuwa, kuma kada a yi gudu da ita. Jaki ya ja yana ɗingishi, Kalla na matsa ƙaho, 'yan kasuwa na barin rumfuna suna biyo su da guɗa da tafi. Wajen layin mahauta ya ɗaga ido ya duba madubi don ya ga yawan jama'ar da ke baya. Zaren ya saki, madubin ya karkace, ba abin da ke cikinsa sai fuskar Azara. Ya kai hannu zai gyara, sai ya fasa, ya mai da hannun kan sitiyari.