Hoto Uku na Matar Zermu

Tun ina lakwal, wato makarantar boko, nake ji da kaina a lissafi, har abokai suna cewa ko tuwo aka ba ni sai na ƙirga loma. Da na fara aikin ɗaukar hoton ƙashi a wani ƙaramin asibiti a Zinder, abin da mutanenmu ke kira radiyo, sai girman kan ya ƙaru. A bango akwai takardar da wanda ya riga ni ya bari, mai nuna adadin hasken da ake sa wa kowace gaɓa: ƙirji kaza, gwiwa kaza, ƙugu arba'in, duk a kan tazarar mita ɗaya tsakanin bakin na'ura da fim. Ko kallonta ba na yi. Na haddace, a ganina.

Wata ranar Alhamis da hantsi aka kawo wata matashiya daga Zermu. Ta zame daga bakin rumbu tana ɗebo hatsi, ta faɗi a kan ƙugu. Mijinta ya tafi cin rani, don haka surukinta ne ya kawo ta, dattijo mai farin gemu, da matarsa a bayansa. Mutane sun cika baranda, ni kuma raina a ɓace saboda wuta ta ɗauke sau biyu.

Doka ce a tambayi kowace mace kafin a haska mata ciki ko ƙugu. Na tambaya kuwa, da ƙarfi, ina rubutu, dattijon yana tsaye a kanta.

"Kina da ciki?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Dattijon ya juya yana kallon bango. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "A'a."

Ni ɗan unguwar Kara-Kara ne, a nan Zinder aka haife ni. Na san babu amaryar da za ta amsa cikin fari a gaban uban mijinta, ko da wuƙa aka sa mata a wuya. Na sani sarai. Amma na ji abin da nake so in ji, na rubuta.

Da muka zo ɗaga ta zuwa tebur ta yi ƙara, sai na ce a bar ta a kan gadon da aka turo ta. Gadon gajere ne, na auna, tazarar ta zama mita ɗaya da rabi. Haske yana raguwa da nisa, kuma ba kai tsaye ba: tazarar ake ninkawa da kanta. Ɗaya da rabi sau ɗaya da rabi, biyu da kwata, sau arba'in, casa'in. Wannan shi ne darasin farko da ake koya mana. Ni gwanin lissafi na ninka sau ɗaya kawai, na sa sittin.

Hoton ya fito fari fat, ba a rarrabe komai. Maimakon in zauna da biro, sai haushi ya kama ni, na zagi na'urar, na murɗa zuwa ɗari da hamsin. Ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Sai a na uku na ɗauki takarda na yi lissafin, na sa casa'in, ƙashi ya fito tas. Babu karaya, buguwa ce.

Wata dattijuwar ma'aikaciya da muke kira Inna ta shiga da ita bayan labule don ta gyara mata zane. Ba ta jima ba ta fito, ta ja ni gefe.

"Kai, wa ya tambaye ta?"

"Ni ne, Inna."

"A gaban wa?"

Ba ta jira amsa ba. Ta ce, "Cikin wata uku gare ta. Sau nawa ka haska?"

Na haɗa su a raina. Sittin da ɗari da hamsin da casa'in, ɗari uku, a inda bai kamata a kunna na'urar ba ma sai an yi shawara. Na je na gaya wa likita komai. Ya wanke ni tas, sannan ya ce a ganinsa adadin bai kai wanda ake tsoro ba, amma wata na uku lokacin da ƙwaƙwalwa ke ginuwa ne, ba zai rantse mini ba. Ya sa Inna ta gaya wa uwar mijin a dawo da ita awo. Ba su dawo ba, damina ta faɗi, kowa ya shiga gona.

Na sake wannan lissafin ya fi a ƙirga. Kullum amsa ɗaya: mai yiwuwa babu komai. Kalmar nan "mai yiwuwa" ta hana ni sakewa.

Bayan kaka sai ga dattijon a bakin ƙofa, da goro da dabino a ƙunshe.

"Ɗana, an sauka lafiya, mace aka samu. Mun yi maka addu'a ranar suna. Wani sau ɗaya zai ɗauka ya kore mu, kai kuwa har sau uku ka yi mata."

Na ce, "Baba, ba ƙoƙari ba ne, kuskure na yi." Na fara yi masa bayani, ya yi dariya ya dafa kafaɗata, ya ce ai haka mutanen kirki suke, ba sa son yabo. Na roƙe shi ya kawo yarinyar a duba ta. Ya ce in Allah ya yarda.

Bai kawo ta ba. Yanzu ba na tambayar mace sai kowa ya fita, kuma ba na taɓa na'ura sai na rubuta lissafin a takarda. Amma ina ƙirga shekarun yarinyar. Bana ya kamata ta shiga lakwal, kuma ban san ko sunanta ba, balle in tambaya ko ta iya ƙirga.