Larabar Cedric Holroyd

Shekara arba'in da ɗaya Cedric Holroyd ya yi yana wasan kwaikwayo, kuma da wuya ka sami gida a yankin Yorkshire da ba a taɓa ganin fuskarsa a talabijin ba. Sunan ne dai babu wanda ya riƙe. A kanti sai wata ta ƙura masa ido ta ce, "Ba kai ne ka gyara mana famfo kwanaki ba?" Sai ya yi murmushi ya ce mai yiwuwa ne.

Ɗan mai gasa burodi ne daga Halifax. Yana shekara tara aka kai su kallon wasa, labule ya ɗaga, ya ga ƙura tana iyo a cikin hasken fitila kamar fulawa a shagon ubansa. Tun daga ranar rabin hankalinsa bai dawo gida ba. Ya fito a ɗan sanda, ya fito a direban bas, sau shida ya fito a gawa. Amma abin da aka fi kiransa shi ne hadimin gidan masu kuɗi: baƙar kwat, farar safar hannu, a buga ƙararrawa ya buɗe ƙofa.

Bayan hadimancin, shi ne ɗan ko-ta-kwana, wato mai haddace duk maganganun tauraro ko da ciwo zai kayar da shi. Taurari goma sha ɗaya ya yi wa wannan jiran, kuma don tsabar mugunta ko mura babu wanda ya taɓa yi. Cedric na tsaye bayan labule, leɓunansa na motsi, yana zama sarki, yana zama attajiri, babu mai gani. Da safe ya tafi bakin teku ya karanta wa tsuntsaye.

Bana gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Ya yi wa matarsa Enid alkawarin zai ajiye aiki idan wasan da suke yi a garin Scarborough na bakin teku ya ƙare. Saura mako uku, bai taɓa fitowa a maigida ba ko sau ɗaya, kuma abin yana cin ransa.

Ran Laraba da hantsi Pauline, mai kula da dandamali, ta bugo waya. Tauraronsu Gerald ya ci wani abin teku, cikinsa ya ɓaci. Cedric ne zai fito a maigida a madadinsa a wasan rana, ƙarfe biyu da rabi.

"Tsoho, rufe bakin nan kar ƙuda ya faɗa," in ji Enid. "Ina takalmina mai kyau?"

Ya shiga hasken dandamali kamar mai tafiya cikin ruwan ɗumi. Maganganun suna fitowa da kansu, muryar ma kamar ba tasa ba. 'Yan kallo yawanci tsofaffin mata ne da aka kwaso a bas, amma har tsotson alewa suka daina. Wallahi ya yi kyau, duk wanda ya ce bai yi ba ƙarya yake.

Sai a tsakiyar kashi na biyu aka buga ƙararrawar ƙofa. Kafin Cedric ya farga ƙafafunsa sun kai shi. Ya ratsa ta gaban wanda aka ba hadimancin ranar, ya buɗe ƙofa, ya rusuna, har ya miƙa hannu zai karɓi rigar baƙuwa.

"Cedric," ta raɗa masa, "gidanka ne fa."

Zauren ya fashe da dariya. Ya ji kunya har cikin ƙashinsa. Ya dai lallaɓa ya kai wasan ƙarshe, aka tafa, amma kafin ya goge kwalliyar fuskarsa Pauline ta leƙo ta ce Gerald ya ji sauƙi, shi zai yi na yamma.

Enid ta sayo kifi da soyayyen dankali a takarda, suka sami benci suna kallon hazo yana haɗiye jiragen ruwa ɗaya bayan ɗaya.

"Na ɓata," in ji shi.

"Ka buɗe wa mace ƙofa, sai me? Ci kifinka." Ta lashe gishirin yatsanta. "Ni ba wannan na kalla ba. Shekara talatin da takwas ina zuwa, kullum kana tsaye jikin bango da faranti. Yau na ga ka zauna. Babbar kujerar nan ja, kusa da murhu. Kullum ina so in tambaya, tana da laushi kuwa?"

Cedric ya dubi dankalin da ke hucewa a hannunsa.

"Ban sani ba, Enid," ya ce. "A bakinta na ɗosana."