Gariba da Itacen da Ba a Ɗauka

Gariba ɗan Tasawa ne, kuma tun yana yaro idonsa bai taɓa ganin busasshen reshe ya bar hannunsa ya huta ba. A gidansu, wanda ya wuce itace a ƙasa sai ya sha faɗa kafin ya ci tuwo.

Ya daɗe yana tallar huluna a bakin titin Fordham, a wani babban birnin Amurka, har sanyi ya cinye masa gwiwoyi. A 2014 ya samu aikin gwaji a wani daji da ke bakin kogin Bronx, wanda ba a taɓa share shi ba tun kafin a gina birnin. In ya yi kyau, ya rabu da titi ke nan.

Ranar farko, bawan Allah ya ga itatuwa kwance suna ruɓewa. Tausayin Amurkawa ya kama shi. Kafin azahar ya tara tuli mai kyau, ya ɗaure, ya tsaya yana jiran yabo.

Hamdatu, 'yar Kumasi da ke shugabantar ma'aikata, ta riƙe baki. "Malam Gariba, wannan gidan mutane ne ka kwashe. Tsutsa na cin itacen, tsuntsu na cin tsutsa, mujiya na kwana cikin rami. Ka sake, babu job."

"To Hajiya, wa zai ƙona shi?"

"Babu kowa."

Ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar ya koma tafiya hannaye a goye a baya kamar limami, don kada su ci amanarsa. A hankali ya san kuregen da ke masa tsiwa, da kunkurun da ke shan hantsi a ƙasan magangarar ruwa. Ya so wurin ƙwarai.

Ranar da gwajin zai ƙare, iska ta jefo wani reshe a tsakiyar hanya, busasshe ƙayau, irin wanda ke dafa wake ba hayaƙi. Hamdatu na tsaye. Gariba ya ɗaga shi, ya auna nauyinsa, har ya sansana. Sannan ya kutsa cikin ciyawa kusa da ruwan da ke faɗowa, ya kwantar da shi a hankali, ya shafa shi.

"Ruɓe abinka lafiya," in ji shi.

Hamdatu ta yi dariya har da hawaye. "Monday ka zo ka karɓi uniform."