Kar-Ka-Danna Ya Miƙa Makulli

Ƙarfe bakwai da rabi, kafin mai shara ta gama da barandar asibitinmu, mai kula da kwamfutocinmu ya riga ya iso. Zai bi kwamfutocin nan goma sha ɗaya, ya leƙa bayan kowace kamar mai neman kunama, ya zare filashin da wani ya manta a jiki, ya yage takardar lambar sirri da muka manna a gefen tebur. Shekara goma sha tara yana wannan aiki. Mu kuwa 'yan ofishin kati, tukuicin da muka ba shi suna ne: Kar-Ka-Danna.

Ni na fi kowa tsokanarsa, ba zan ɓoye ba. Dokarsa ita ce, in saƙo ya zo da abin buɗewa, sai ka kira wanda ya aiko ka ji daga bakinsa.

"Malam, ko da na maigidana ne?" na taɓa tambayarsa.

"Musamman nasa, Malama. Da sunan wanda kika yarda da shi suke zuwa."

Duk Alhamis yakan kwafe bayanan marasa lafiya kaf a wata 'yar na'urar ajiya, ya cire ta, ya kulle a durowar ƙarfe, makulli a aljihunsa. Shugaban asibiti ya ce wannan aikin marasa aikin yi ne.

Sai ga wata Talata. Saƙo ya zo wa shugaban cewa an zaɓe shi za a karrama shi, ya danna ya ga takardar. Bai kira kowa ba. Ya danna. Kafin azahar kowace kwamfuta ta kulle, sai jan rubutun ɓarayi. A daidai lokacin aka shigo da mai naƙuda, ba ta cikin hayyacinta. Ungozoma ta tuna akwai maganin da jikin matar ba ya karɓa, amma ta rasa wanne ne, katinta kuma yana cikin abin da ya kulle.

Ina tsaye na ga Kar-Ka-Danna. Bai tsaya neman mai laifi ba. Ya fizge wayoyin intanet, ya buɗe durowar nan, ya jona na'urar a tsohuwar kwamfutarsa, ya ɗaga murya ya karanta wa ungozoma sunan maganin. Ashe maganin nan yana kan farantin da ke hannunta, tana shirin ba matar. Yarinyar da aka haifa ranar nan, bana ta shiga makaranta, uwarta ce ke kai ta.

A rahoto an rubuta "matsalar na'ura". Ba sunan wanda ya danna, ba na wanda ya cece mu. Makon jiya Kar-Ka-Danna ya yi ritaya, shugaban ya miƙe ya gode wa "mai gyara mana firinta", ya ƙara da cewa ba sai an ɗauki wani ba, tunda shekara shida ba mu sake samun matsala ba. Wallahi raina ya ɓaci. Shekara shidan daga sama suka faɗo?

Malam, kai ne mai gadin ƙofar da ba ma gani. Kai ka sha dariyarmu, ka dawo washegari ka leƙa bayan kwamfutocinmu. Mun gode, kuma ka yafe mana. Ku kuma masu karatu, ku kira kafin ku buɗe, ku ajiye kwafi a inda intanet ba ya kaiwa, in kuna da irinsa a wurin aikinku ku daina yi masa dariya.

Da na gama rubutun nan na tura masa. Minti biyu wayata ta yi ƙara.

"Malama, ke kika aiko da wannan?"

"Ni ce, Malam. Buɗe, yabonka ne."

"To, zan buɗe. Jiya Alhamis. Wa ya kwafe bayanan?"

Ba wanda ya kwafe. Makullin durowar yana cikin jakata tun ranar da ya miƙa mini shi.