Wane Ne Maigidanka?

A gidan rediyon da na yi aiki a Sokode, abu na farko da aka koya mini shi ne kada in bar iska babu magana. In faifai ya maƙale, ka ce wani abu, ko da gaisuwa ce, domin mai sauraro in ya ji shiru sai ya ɗauka rediyonsa ce ta lalace. Na yi shekaru ina karanta labarai da Hausa da wannan tsoro a raina. Da na bar aikin na buɗe shafina na siyasa a intanet, sai na tafi da tarbiyyar gidan: ba na zagi, ba na ɗaga murya, ba na faɗin abin da ban ji daga baki biyu ba.

Shafin na masu ra'ayin mazan jiya ne, ban taɓa ɓoye haka ba. Ina rubutu a kan majalisar Lome, da gyaran tsarin mulki, da zaɓen ƙananan hukumomi, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda kowane sabon mai ofis yake zuwa da niyyar rushe abin da ya tarar tun bai tambayi amfaninsa ba. Mutanen Zango, unguwar Hausawa, sun fi son ji a kan karatu, don haka duk abin da na rubuta sai in karanta shi da muryata in ɗora a ƙasa. Mahauta suna saurara suna yanka nama, direbobin manyan motoci suna tura wa juna tun daga Pagala har Sinkase.

Yayana yana Dapaong, a gidan da mahaifinmu ya bari. Maigidan fataken shanu ne, kamar yadda Baba ya kasance. Baƙo in ya koro shanu daga arewa ba ya shiga kasuwa kai tsaye. Gidan maigidansa yake sauka, a ba shi ruwa da tabarma da tuwo, maigida ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa shaida cewa dabbobin nasa ne. Tambayar farko da ake yi wa baƙuwar fuska a kasuwar shanu ita ce, wane ne maigidanka? Wanda ya kasa amsawa ba a taya dabbarsa, sai dai a fara duba kunnenta da tambarin cinyarta, domin ɓarawo ne kaɗai ba shi da maigida. Kuma amsar ba ta canzawa. Ko ka tsufa ka gina bene, gidan da ka fara sauka shi za ka ambata.

Akwai wani konseye, wato kansila, a hukumar garin. Yana saurayi ya biyo garken wani ya sauka a zauren Baba. Kwano ɗaya muka ci da shi. Inna ce ta yi jinyarsa shekarar da kurkunu ya kama shi a ƙafa. Baba ya tsaya masa har ya zama dillali, daga dillanci ya shiga siyasa.

Da ya hau kujera sai ya kawo shawarar a soke tsarin masu gida, kowane baƙo ya je meri, ofishin magajin gari, ya yi rajista ya karɓi takarda. Na rubuta cewa takarda ba ta san fuskar mutum ba. Wannan muhawara ce, ni kuma da muhawara nake ci. Amma a wani taro da aka watsa ta rediyo, a daidai lokacin da mutanen arewa suke cikin fargabar 'yan bindigar da ke tsallako iyaka, ya ce akwai gidajen da ke saukar da mutanen da ba a san asalinsu ba. Ya kwatanta unguwar, ya ambaci bishiyar mangwaro a ƙofar gida. Bai faɗi suna ba. Mangwaro ɗaya ne a layinmu, Baba ne ya dasa shi.

Jandarmomi suka zo suka tafi da Yaya, suka yi masa tambayoyi, ba su sami komai ba suka sake shi. Aikinsu suka yi, ban riƙe su ba. Amma baƙi sun ga motar a ƙofar gida, makiyayi kuwa ba ya komawa inda ya ga irin wannan mota. Da na je Dapaong na tarar da zaure a share, tabarmi a naɗe an jingine su da bango. Matar Yaya ta mayar da babbar tukunya ɗaki, tana girki a ƙarama.

"Ka bar shi da Allah," in ji Yaya.

"Na bar shi da Allah, Yaya. Amma Allah ya ba ni shafi."

"Zaginsa za ka yi? Ku 'yan rediyo, baki kamar injin niƙa."

"Ka taɓa jin na zagi wani?"

"Shi ya sa nake jin tsoronka."

A Zango kowa ya jira in buɗe masa wuta. Wani mahauci ya tare ni a bakin rumfarsa ya ce, "Malam, ara mini muryarka ta yini ɗaya, in wanke shi tas in mayar maka." Na sayi tsokata na wuce. Ban ambaci konseye a shafin ba ko sau ɗaya.

Abin da na yi, na fara wani sabon shiri. Kowane mako in sami dattijo ɗaya na kasuwar shanu in yi masa tambaya guda: wane ne maigidanka? Mutanen da ba su taɓa yarda su yi maganar siyasa da ni ba suka saki baki. Wani alhaji mai manyan motoci ya ambaci gidan wani gurgu a Sinkase, ya kwatanta har ƙamshin miyar kukar gidan. Da yawa suka ambaci gidan Baba. Wasu suka shiga lissafa samarin da suka kwana tare a zauren, duk wanda ya kai ga sunan konseye kuwa sai in yanke wurin kafin in ɗora. Ba daga bakin wani nake so maganar ta fito ba.

Tambayar ta fita daga hannuna. Direbobi suka mayar da ita gaisuwa a tasha. Da zaɓe ya ƙarato, 'yan siyasa suka gane cewa amsa ta tana nuna mutum yana da tushe, sai suka shiga aiko mini da tasu ba tare da na nema ba, har da wani ɗan majalisa daga Lome wanda a sanina bai taɓa riƙe igiyar sa ba. Na ɗora ta kowa. Ta mutum ɗaya ce ba ta zo ba, kuma kasuwa ta lura.

Wata rana da hantsi konseye ya kira ni.

"Ɗan'uwa, me kake nufi da wannan shiri naka?"

"Tarihi nake tarawa, ranka ya daɗe. Ka ji na taɓa siyasa a ciki?"

"Na san ka fa."

"A ina ka san ni?"

Ya kashe wayar.

Da na ji zai je kasuwar shanu ya bayyana wa fatake maganar rajista, na hau motar safe daga Sokode. Na tsaya a bayan taro kusa da turken wani bajimi, na kunna na'urata ta ɗaukar murya. Ban sa kowa ya tambaye shi komai ba, na san babu buƙata. Ya yi jawabi mai tsari, da Faransanci da Hausa da 'yar Fulatancin da ya koya a zaurenmu. Da ya gama, wani tsohon makiyayi ya miƙe da sandarsa.

"Ɗana, mun ji maganar takarda. Amma idona ya yi rauni, ban gane fuskarka ba. Wane ne maigidanka?"

"Baba, ni ɗan garin nan ne, ku kuka zaɓe ni."

Wani dillali daga baya ya ce, "Ba kujerarka aka tambaya ba, ranka ya daɗe."

Aka yi dariya, sannan aka yi tsit. Hanya biyu ce a gabansa, kowa a wurin ya san su. In ya ce ba shi da maigida, ya kira kansa ɓarawo a tsakiyar kasuwar shanu. In ya faɗi gaskiya, ya shaida cewa gidan da ya nuna wa jandarmomi shi ya raine shi. Ya dubi lasifikar hannunsa. Ya gyara hularsa. Ana jin kukan shanu da ƙugin lasifika, can nesa wata mai fura tana kiran ciniki. Na dubi fuskarsa cikin natsuwa, ban ji tausayinsa ba ko kaɗan. Ƙafarsa nake tunawa a kan cinyar Inna, tana naɗe zaren kurkunu a jikin tsinke.

Daga ƙarshe ya faɗi sunan Baba, ƙasa-ƙasa.

"Gidan mai mangwaro?" in ji tsohon.

"Shi."

"To. A can ni ma nake sauka. Ashe tare muke, mu marasa asali."

Na koma Sokode na ɗora muryar yadda take. Hannuna ya kai ga yanke shirun da ya yi kafin ya amsa, don haka aka horar da shi, na janye shi. Ban ƙara sharhi ba, ban sa take mai zafi ba. Duk abin da na rubuta a kan majalisa da tsarin mulki bai taɓa yawo kamar wannan shiru ba. An ce a Sinkase mutane suna kara wayar a kunne suna jiran ƙarshensa.

Bayan damina Yaya ya kira ni ya ce an fito da babbar tukunya. Ba duka baƙin suka dawo ba. Wasu sun saba da wasu gidaje, wasu har yau suna ratsewa ta bayan layi. Amma an shimfiɗa tabarmi, akwai takalman roba na makiyaya a ƙofar zaure. Ya ce konseye ma ya zo gaisuwa, ya ba shi ruwa ya ba shi tabarma, don maigida ba ya korar baƙonsa.

"Ya roƙi ka sauke muryar nan," in ji Yaya.

"Kai me ka ce masa?"

"Na ce gida nawa ne, shafi na ƙanena ne."

"To, ka ce masa na ji."

Shawarar rajistar tana nan a meri, muna ci gaba da jayayya a kanta cikin ladabi. Duk lokacin da konseye ya yi jawabi ina kawo shi cikakke, ban taɓa rage masa kalma ba. Muryar ranar kasuwa kuwa na kafe ta a saman shafin, duk wanda ya shigo ita yake fara tararwa.