Malamin da ya yaga takardata saboda "an ce"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina cikin jirgin ƙasa zan tafi makaranta labarin ya iske ni. 'Yan bindiga sun kashe Malam Sabo.

Malam Sabo namu na sashen tarihi a jami'armu ta nan Dubai. Ya je gida Najeriya hutu, suka tare motarsu jiya da la'asar a hanyar ƙauyensu.

Kafin in sauka a tashata bidiyo ya shigo mini daga guruf uku a wayata. Mutum kwance a gefen kwalta, jini ya rufe fuskar, wani yana ta zagaya shi da waya. A ƙasa an rubuta: an ce gwal ɗin Dubai suka biyo, an ce gardama ya yi musu, an ce shi ya fara zaginsu.

Wallahi da wanda ya fara turo abin nan yana gabana, da a goshinsa zan fasa wayar.

Bari in gaya muku ko wane ne kuke yi wa "an ce".

Shekarar da na shiga jami'a, shi ke tarbar sababbin ɗaliban tarihi da adabi da falsafa. Sauran sassa zagaya laburare ake yi da su, a raba musu jaka da biro. Mu kuwa ya shigo ko murmushi babu, ya ce, "Digirin nan ba zai koya muku sayar da komai ba. Karatu ne har ido ya yi ja, da rubutu, da gardama mai hujja. Wanda ya zo hutawa, ga ƙofa nan."

Ba wanda ya motsa. Ya ce, "Yalla, ku tashi."

Ya loda mu a bas sai Port Saeed, bakin ruwan da ake loda wa jiragen katako kaya. Ya ce kowa ya sami ma'aikaci ɗaya ya tambaye shi tarihinsa, gobe ya kawo shafi ɗaya.

Ni 'yar mai harkar kago ce, wato aika kaya ƙasashe, a unguwar Deira, a cikin kwalaye na girma, don haka gani nake na san komai. Rana kuma kamar za ta dafa mutum. Na sami inuwa na zauna, na rubuta abin da nake ji a shagon Babana: an ce ma'aikatan nan kaza, an ce gudowa suka yi daga gida.

Washegari ya ɗaga takardata a gaban kowa. Ya daki tebur har gorar ruwansa ta faɗi ƙasa.

"Hafsat, wa ya ce? Wa ya gaya miki? Gani ya yi ko ji ya yi?"

Ya yaga ta biyu, ya haɗa ya sake yagawa, ya zube mini a kan benci. "Mutumin nan yana da baki. Kin bar shi a rana, kin je inuwa kin yi masa ƙarya."

Na yi kuka a banɗaki, na zage shi a raina zagin da har yau nake istigfari a kansa.

Amma na koma bakin ruwan. Na sami wani dattijo mai gadin kaya, ɗan Zango daga Ghana, ya ba ni labarinsa har la'asar ta yi. Ko layi ɗaya na abin da na rubuta da farko bai zama gaskiya ba.

Da na kai sabon shafin, Malam bai yaba ba. Ya jawo durowa ya miƙo mini dabino uku. Daga baya na gane duk wanda ya yaga wa takarda sai ya ci dabinon nan.

Akwai ranar da Babana ya zo har ofishin Malam zai cire ni ya mai da ni sashen kasuwanci. Faɗa ya yi zafi, ya shaƙe wa Malam wuyan riga har maɓalli ya tsinke. Malam bai ɗaga hannu ba. Cewa ya yi, "Alhaji, kai da ba ka loda kwantena sai ka buɗe kwali ka gani da idonka? Abin da nake koya mata ke nan."

Baba ya sake shi. Sai da suka sha shayi kafin ya tafi.

Rabona da shi a wani gidan abinci ne a unguwar Karama, ana gobe zai tashi. Yanzu ni ma ƙaramar malama ce a sashen. Ya nuna mini rakodarsa, ya ce akwai wani tsohon marini a ƙauyensu da yake son ɗaukar tarihi daga bakinsa tun yana da rai. Ya ce, "In na makara, ke za ki tarbi sababbi bana. Ki yaga in ta kama. Amma kar ki manta da dabinon."

Don haka yau na yi abin da ya koya mini. Na buɗe bidiyon nan, na duba da kyau. Mutumin da ke kwance yatsunsa biyar ne cif a hannun hagu. Malam ba shi da ƙaramin yatsan hagu, injin niƙa ya cinye shi tun yana yaro.

Ba shi ba ne. Mahaifin wasu ne kuke yawo da gawarsa, kuma matar Malam da 'yarsa sun kalla suna zaton nasu ne.

Na nemi lambar Isuhu, direban da ke tuƙa shi, yana kwance a asibiti da harsashi a kafaɗa. Na ce, "Malam Isuhu, abin da za ka gaya mini, gani ka yi ko ji?"

Ya ce, "Gani na yi, Malama."

Gungume 'yan bindigar suka sa a hanya. Ba su tambayi kowa komai ba, wuta kawai suka buɗe. Babu gwal, babu gardama, babu zagi. Harsashi ya shiga wuyan Malam, jini ya wanke gilashin gaba. Suka zazzage jakarsa a kan kwalta, suka tarar da littafin rubutu da rakoda da ledar dabino. Ɗayansu ya farfasa rakodar da gindin bindiga don haushi.

Na tambaye shi, "Ya yi kalmar shahada?"

Ya ce, "Leɓensa na ga yana motsi. Ban ji abin da ya ce ba."

Allah ya sani ina son in rubuta muku cewa da shahada ya cika. Babu abin da nake so yau kamar wannan, kuma na san ba wanda zai ƙaryata ni. Amma ba zan yi wa Malam "an ce" ba, ko da mai daɗi ce. Leɓensa ya motsa. Iyakar abin da aka gani ke nan, sauran yana wurin Ubangijinsa.

Ku goge bidiyon nan. In za ku tura wani abu, ku tura wannan, ku ce Hafsat ce ta faɗa, Isuhu ya gaya mata, shi kuma yana cikin motar.

Ranar Litinin sababbin ɗalibai za su shigo. Port Saeed za mu je.

Ya Allah, Kai ka ji abin da Isuhu bai ji ba. Ka gafarta wa Malam Sabo, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka ba Isuhu lafiya, Ka isar wa Malam a kan waɗanda suka zubar da jininsa. Ka jiƙan bawan nan na cikin bidiyo da ba mu san sunansa ba.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa mamatan biyu a addu'a.