Kaset ɗin zaɓen dabino

Sana'ata dabino ce. Na fara da kwali biyu a kan tabarma, ina tare alhazai in sun fito daga Haramin Madina. Yau gona nake saye sukutum tun 'ya'yan suna bisa, a Awali da Khaibar. Ni mutum ne mai duba kaya ya yanke musu daraja, kuma kiɗa bai taɓa damuna ba.

Maiɗakina ce take yi mini zaɓe. Dabino in ya zo daga gona a cakuɗe yake, da babba da ƙarami, da mai tsaga, da wanda tsuntsu ya taɓa. Sai an zauna an ware shi da hannu. A ɗakin ƙasa na gidanmu da ke unguwar Harra ta Gabas take yi, faranti uku a gabanta, tsohuwar rakoda a gefe. Kaset ɗaya tak take sawa, na wata mawaƙiya Baturiya. Wata nas ce ta bar mata shi lokacin da take aikin shara a asibiti, kafin aurenmu. Maiɗakina ba ta jin Turanci, ni ma haka. Da kaset ɗin take auna aiki, fuska ɗaya kwali ɗaya. In na leƙo na ce, "Ina aka kai?" sai ta ce, "Na juya sau uku," in gane tana kan na huɗu. Shekara da shekaru muryar matar nan tana fitowa daga ɗakin, ban taɓa tsayawa na saurara ba. A kunnena ita da ƙarar na'urar sanyaya ɗaki duk ɗaya.

Maiɗakina ta rasu wata Talata da hantsi, bayan jinyar sati biyu. Aka yi mata salla a Harami bayan la'asar, muka kai ta maƙabartar Baƙi'a. Ana zuba ƙasa, abin da ke raina shi ne na ajiye mota a inda aka hana. Kwana uku na zauna a kujerar karɓar gaisuwa, ana zuba gahawa, ina miƙa hannu ina cewa amin. Mutane suka ce na yi haƙuri irin na maza. Ba haƙuri ba ne. Ban ji komai ba ne kawai.

A rana ta huɗu Yayata ta zo raba kayan marigayiya sadaka. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma har yau ba ta yarda na girma ba. Ta gama da tufafi da tukwane, ta sauko ɗakin ƙasa, ta danna rakodar, kaset ya fito.

"Rakodar a bayar," ta ce. "Wannan kuwa, miƙo mini taɓaryar gahawa."

"Yaya, me ya yi miki?"

"Ni bai yi mini komai ba, ita nake ji wa. Baiwar Allah tana kwance a Baƙi'a cikin mutanen kirki, kai kuma ka bar kiɗa yana tashi da sunanta? Duk wanda ya ji, a kanta za a rubuta. Haram alaik."

"Kin san abin da ake faɗa a ciki?"

"Kai ka sani?"

Ban sani ba. Kuma gaskiya, da ta fasa shi ba ta tambaye ni ba, da ban ce uffan ba. Amma ban taɓa zubar da kwali ban buɗe shi ba. Na ce ta ba ni har Juma'a mai zuwa.

"Juma'a," ta ce. "Bayanta, ko kana nan ko ba ka nan, halas, sai na fasa shi."

Akwai wani Bakano mai harhaɗa magunguna da ke sayen dabinon ajwa a wurina duk shekara yana aika wa gida. Na same shi lokacin hutun azahar, na ce ya shigo tsohuwar motata ta ɗaukar kaya, don ita kaɗai ta rage mini mai cin kaset. Ganga ta buga sau huɗu, jita ta shigo, sai ya daki cinyarsa.

"Kai! Alhaji, a ina ka tono wannan?"

"Ka san ta?"

"Na san ta? Kiɗan rok ake ce masa, kuma a zamaninta mazan ma tsoronta suke. Ta yi faifai da yawa, amma wannan ne mutane suka riƙe. Muna jami'a har dambe aka yi a ɗakinmu a kan wa ya are shi bai dawo da shi ba."

Ya faɗi sunanta, ban riƙe ba. Na ce, "Dakta, abu ɗaya ya kawo ni. Batsa ce?"

"Wace irin batsa? Bari ka ji."

Muka zauna mota tana kunne, yana fassara mini waƙa bayan waƙa. Ta farko, wata mata ce ta haɗa jakarta za ta bar gari. Ba wanda ya cuce ta a can, kawai dai ba abin da ya taɓa faruwa da ita. Wata a kan hannayen mahaifinta ce, lebura. "Akwai na soyayya guda biyu," ya ce, "ba zan ɓoye maka ba. Amma ba su kai rabin abin da matanmu ke rerawa a gidan biki ba."

A ranar na fara jin ta da kunnen mai saye. Muryarta tana da kaushi, kamar dabinon da ya nuna a bisa har fatarsa ta tsage, irin wanda alhazai ke turewa gefe, manoma kuma su ɓoye wa gidajensu. Ba a shafa mata mai don ta yi ƙyalli ba. Gangar tana da nauyi, jitar tana ihu, amma matar ba ta rige-rige da su. Sai ta bari su gama hayaniyarsu, ta shigo a makare, kuma su ne ke matsawa su ba ta wuri. A fuska ta biyu akwai wata da ba komai sai fiyano, inda numfashinta ya ƙare kafin ƙarshen layi, aka bar shi a haka ba a gyara ba. Abin da ya fi burge ni shi ne jerin. Na san yadda ake shirya kwali, manya a sama, tarkace a ƙasa. Wannan kuwa na bi shi har ƙarshe ina jiran tarkacen, ban samu ba. Ƙasansa daidai yake da samansa.

Da ya ƙare, Dakta ya juyo yana duban fuskata, ina jin hawaye yake nema. Ya ce, "Allah ya jiƙanta." Na ce amin, na tambaye shi ko ajwar bana kamar ta bara zan ware masa.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Yaya ta zo da shinkafa a kula. Na gaya mata duk abin da ke ciki, har da na soyayyar guda biyu.

"Ka gani ko!"

"Tsaya, Yaya. Tun ranar da ta cika, kayanta sun zama na magada. Kaset ɗin nan nawa ne yanzu. In akwai abin rubutawa, a kaina za a rubuta."

"Wayon kasuwa za ka yi wa mala'iku?"

"Ba wayo ba ne, hukunci ne. Tambayi limamin da kika ga dama."

Ta ci gaba da juya cokali. Na ƙara mata da cewa zan kafa na'urar ruwan sanyi a ƙofar masallacin unguwa da niyyar marigayiya.

"Wannan dama wajibinka ne, kada ka sa mini shi a ciniki," ta ce. "To ji nawa. Rakoda ta tafi. Kaset ba ya sake kwana a gidan nan. Ba a sa shi ran Juma'a, ba a sa shi da azumi."

"Na yarda."

Ta ɗauke shi da gefen mayafinta ta miƙo mini. "Yalla, fitar da shi. Ka dawo ka ci abinci, duk ka zama ƙashi."

Na sauka na buɗe mota zan jefa shi wurin takardu, sai zafi ya bugi fuskata. Sitiyari ba ya taɓuwa. Kwana biyu a nan cikin ranar Madina, kaset zai lanƙwashe ba tare da an ɗaga taɓarya ba. Na ɗaga kai, Yaya tana taga tana kallona. Da wannan a ranta ta yarda.

Ban koma cin abincin ba tukuna. Na tuƙa zuwa ɗakin sanyin da nake ajiye kaya a Awali, na naɗe shi a leda, na ɗora a kan kanta ta sama, bayan kwalayen ajwa.